Sunan Kakanmu Kafin Aure

Yaya Fumie,

Gaisuwa daga Hawaii. Ya jikin Mama? Ni ƙalau, idanu ne kawai suka gaji.

Kwana tara ina bin takardun ƙidayar 1910, ina neman kakanmu cikin jariran ma'aikatan gonakin rake da sunan Kuramoto. Babu shi. Jiya tsohuwar da ke ajiye takardun ta ce, "Ɗan nan, ba sunan gidan matarsa ya ɗauka ba?" Haka ne kuwa, shigowa ya yi gidan Kuramoto da aure ya ɗauki sunansu, har a littafina na taɓa rubutawa.

Na yi wa Mama alkawarin gano inda aka haifi babanta, ga hutuna ya kusa ƙarewa. Ki tambaye ta sunansa na asali da safe, kafin mantuwa ta taso mata, ki bugo mini. Wataƙila sau goma na wuce shi ban sani ba.

Ƙaninki,
Tsutomu