Na Hana Nimra Taɓa Allon Yayanta

Baji Shagufta, babbar yayarmu, don Allah ki taimake ni, ki kuma yi haƙuri da rubutuna, da furfura na koye shi.

Ɗana Tauqeer ne ya koya mini. Gyaran kwamfuta yake yi a Hall Road, nan Lahore. Da ya ga ƙananan baƙaƙe na wahalar da idona, sai ya ciro gilashin wata matacciyar laftof. Ya ce gilashin ba ya jin yaren katin hoton da ke cikin kwamfutarmu, sai da tafinta a tsakani. Shi ya harhaɗa tafintan da hannunsa, ɗan faranti mai wayoyi, ya sa shi a kwalin alewa. A wannan allon na fara ganin alif tsawon yatsana. Yana ta tsokanata, wai Ammi ta kusa zama lauya.

Da damina mota ta buge shi a kan babur. Bai kai asibiti ba.

Kwanan baya wuta ta dawo da ƙarfi, allon ya koma zane-zanen kore. Ƙanwarsa Nimra, wadda ta taso tana miƙa masa dalma, ta ce tafintan ne ya ƙone, za ta sa wani. Baji, na doke hannunta. Na ce ba mai taɓa abin da yayanta ya liƙa. Ta dube ni ta ce, Ammi, ni fa ina da rai. Tun ranar sai ta ajiye mini gurasar roti ta shige ɗaki. Idan ta cire, me ya rage mini nasa? Idan na hana, ina jin ita ma zan rasa ta.

Uwa mai kuka, Lahore

'Yar'uwa, Allah ya jiƙan Tauqeer, ya sanyaya miki zuciya. Ba ki yi hauka ba. Uwa takan riƙe ko da tsumman ɗanta ne.

Amma Nimra ma rashi ta yi, kuma da gyara take kukanta. Da kika doke hannunta, abin da ta ji shi ne ita ba ta isa ba.

Farantin da ya ƙone ba zai ƙara aiki ba. Ki ce ta cire shi a hankali, ba yanka waya, ki naɗe a ƙyalle ki adana. Sannan ta sa sabo. Gilashin nasa ne, yana nan.

Kafin duk wannan, ki je ɗakinta da shayi ki ba ta haƙuri. Kada ki jira ta fito. Ranar gyaran kuma ki zauna kusa, ki riƙe mata fitila, ki tambaye ta yadda yayanta yake aiki. Ta san Tauqeer ɗin da ke ba ki sani ba.

Allah ya daidaita tsakaninku, ya raya miki ita.

Baji Shagufta