Ni Na Karya wa Yaya Ƙafa

Zuwa ga Inna,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya. Yaya ciwon gwiwar? Yaya su Auta? Na yi sauri na riga Yaya rubuto miki ne, don in kika fara ji daga bakinsa, cewa za ki yi na haukace.

Inna, ni na karya masa ƙafa, kuma da gangan.

Kin san ni na samo masa aiki a gonar jiminun nan. Tun ranar farko na ja masa kunne kada ya raina jimina don ba ta tashi. Ta fi ƙato nauyi, fukafukanta ba sa iya ɗaga ta, sai dai ta yi wa 'ya'yanta inuwa da su. Duk ƙarfinta a ƙafa ya taru. Yatsunta biyu, babban da farce kamar bakin gatari, kuma gaba take shuri. In ta taso maka, maganinta ɗaya: ka kwanta rub da ciki ka rufe ƙeya. Za ta tattake ka, amma ba za ta farke ka ba.

Yaya ya yi dariya. Wai shekara goma yana kokawa bayansa bai taɓa ƙasa ba, sai kaza mai dogon wuya ce za ta kwantar da shi?

Ranar Talata muka shiga kwasar ƙwai. Namijin ya taso mana, ƙwaurinsa jajir, baki buɗe yana huci. Karen gona ne ya fara tarar sa. Shuri ɗaya, sai ga hanjin kare a ƙasa. Na zube ina ƙwala wa Yaya kira ya kwanta. Ina! Gyara tsayuwa ya yi, ya buɗe hannuwa, wai wuya zai kama.

Shebur na kusa da ni. Na ɗauka na maka wa Yaya a ƙwauri, har na ji ƙarar ƙashin. Ya faɗi, na haye kansa na danne. Tsuntsun ya yi ta sukuwa a bayana, ya karya min haƙarƙari uku, ya yage min kunne, kafin ma'aikata su kore shi da sanduna.

Yanzu gadajenmu na jere a asibiti. Kwana huɗu fuskarsa na kallon bango. Jiya ya aiko nas ta gaya min ba shi ba ni har abada. Wallahi na yi kuka, ga kuka da karyayyen haƙarƙari azaba ne.

Ki yi min faɗa son ranki in kin zo, Inna. Da na bar shi a tsaye, da yanzu ta'aziyya nake rubuto miki.

Ki gaishe min da kowa da kowa.

Ɗanki,
Gajere