Wanga karon ina kan tabarma

Daren Lahadi, Turba, lokacin girbin gero

Yau anka raɗa ma ɗiyata suna, ina zaune kan tabarma kusa da liman. Ranar sunan yayanta Bello ina can hasumiyar filin jirgin soja, ina ba jirage izinin tashi da sauka. Mu ukku kaɗai muke juyawa, kowa awa goma sha biyu, babu mai karɓata. Ta waya na ji sunan ɗana.

Bana an ƙaro muna mutum biyu, shi ya sa oga ya sa hannu ga hutuna.

Da hantsi Inna ta ce, "Sani, kai ma Baffa cinyar rago, ka biyo da goro." Sai na ji bakina ya maimaita mata maganar duka, yadda muke yi wurin aiki don kada a yi kuskure. Ta dube ni ta ce, "Kwaikwayona kake?" Na ce aiki ne ya bi jikina. Ta yi dariya ta ce, "Da haka kake da ƙuruciya, da na huta."

Na kashe waya. Za ni kwanta, yau sama tana hannun wani, ba mai tashe ni sai ladan.