Bakin Inna Hajjo

Daga Ƙofar Atiku, Sakkwato, watan Rajab.

Zuwa ga yayana Gidaɗo a Jega. Gaisuwa mai yawa da bege. Ina lafiyarka, ina ta iyali, ya kasuwa? Mu nan sai godiya.

Bayan haka, zancen Innarmu ne. Ka san duk unguwa babu mai kitso kamar Inna Hajjo. To, mata sun ɗauke ƙafa. Tun damina dasashinta ke jini, bakinta ya soma wari. Ba ta yarda da asuwaki, wai shina goge mata jan goro da furen taba, ga shi da jan haƙoran nan aka san ta tun tana budurwa. Mai kitso kuwa numfashinta kan fuskar mutum yake sauka.

Kowa ya ji, ba wanda ya faɗa mata. Ni ma da nike kwana ɗaki guda da ita kunya ta hana ni. Ranar sunan gidan Abdulwahabu majemi, matarsa Tani ta janye ƙwaryar fura daga gaban Inna, ta ce a ba ta ludayinta daban. Inna ta taso ba ta ko yi sallama ba. Tun ran nan ba ta fita.

In ka samu kanumfari ka aiko ta hannun fatake, ko ya rage mata warin.

Ƙanwarka, Sadiyatu.

Daga Ƙofar Atiku, watan Shawwal.

Yaya Gidaɗo, salamu alaikum. Ina fata wagga takarda ta iske ka lafiya, kai da yara. Ya ƙarin haƙurinmu?

An ce saƙon rasuwar Inna ya riske ka, amma ba a ba ka labarin yadda aka yi ba. Kanumfarinka ya iso, ya makara. Inna ta riƙa dirzar baki da asuwakin marke da gawayi, sau goma a yini, har jini shi ɓata mata zane. Daga baya ta sa wanzami ya cire haƙora huɗu a zama ɗaya. Muƙamuƙinta ya kumbura, zazzaɓi ya biyo.

Kwana biyu kafin ta cika, da hantsi, ta ce in zauna ta yi mani kitso. Tana yi tana kau da fuska gefe, don kar in ji. Can ta ce, “Sadiyatu, tun yaushe kika sani?”

Na ce tun damina.

Ta ce, “Ke ma?” Sai ta ƙarasa kitson.

Matan da suka guje ta duk sun zo gaisuwa, har Tani, kuma na kasa jin haushinsu. Su baƙi ne, Yaya. Ni ce ɗiyarta.

Yau kwana arba'in. Kitson ya tsufa, ana ta ce mani in tsefe. Na kasa.

Ka yi mata addu'a, ka sa ni ciki. Allah shi sada mu da alheri.

Ƙanwarka, Sadiyatu.