Muryar da Ke Cikin Kwamfuta

Zuwa ga Yaya Safara'u,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya. Ya ƙafar taki, ya mutanen Bacirawa? Mu nan sai godiyar Allah. Bana taki ko a ido, gero kuwa rabin abin da muka sa rai ya yi.

Yaya, maganar kwamfutar marigayi ce, ɗan farina. Da ita ƙanwarsa Huseina za ta yi gwajin jarrabawar shiga jami'a, amma ta tsufa, kafin ta buɗe sai ki dama kunu ki shanye. Dabo ƙanin maigidana Malam, mai gyaran waya a Ɗanbatta, ya ce zaɓi biyu ne. Ko a bar ta da Windows ɗin da ke kanta a yi ta haƙuri, ko a share komai a sa mata wani wai shi Linux, wanda bai yi mata nauyi ba. Malam Linux yake so, Huseina ma haka.

Abin da ba su sani ba, akwai muryar yaron nan a ciki. Ya ɗauki tilawarsa, har da inda ya yi tuntuɓe ya yi dariya. Idan kowa ya tafi gona nakan kunna a ƙuryar ɗaki. Kin san al'adarmu da ɗan fari, yana raye ko sunansa ban taɓa kira ba. Yanzu da wane bakin zan ce kewarsa nake? Zan dai samu Dabo shi kaɗai.

Ki gaida yara.

Ƙanwarki,
Luba

Zuwa ga Yaya Safara'u,

Sallama da fatan alheri. Ya jiki? Allah ya ƙara sauƙi.

Yaya, an gama. Ranar kasuwa Dabo ya zo a gurguje, mota na jiransa a bakin titi. A tsakar gida, gaban Inna surukata da matan da suka zo sussuka, ya tambaye ni ko akwai abin da za a kwashe kafin ya share. Duk suka zubo min ido. Sai na ji bakina yana cewa me zan yi da tarkacen yaro. Inna har da yaba min, wai na san kunya. Kunyar banza!

Yana fita da kwamfutar na ɗauko waya in kira shi, ba caji. Washegari na tura saƙo da direba, ashe Dabo ya riga ya yi aikinsa. Ba laifinsa ba ne, ya tambaya.

An dawo da ita, wallahi tana gudu, Huseina sai murna take. Na shiga duk inda na sani, wayam.

Ban gaya wa kowa ba sai ke. Ko kuka ban samu wurin yi ba, gidan cike yake. Yau ina tsince wake na yi ta ƙoƙarin tuno yadda yake jan Bismillah. Yaya, muryar limaminmu ce take zuwa min.

Ki sa ni a addu'a.

Ƙanwarki,
Luba