Inna Ta Gwammace Ta Faɗi da Ta Kira Ni

Gwaggo Delu, don Allah ki agaza mini, kaina ya ɗau zafi. Innata ce kwance a asibiti nan Konni, daga Bazaga muka kawo ta da hawan jini. Tun da aka ɗora ta kan magani, da ta miƙe sai jiri ya ɗebe ta. Ni ke jinya, kuma ni ce 'yar fari. Tun da ta haife ni ba ta taɓa faɗin sunana ba, balle ta dafa kafaɗata. In fitsari ya matsa mata ba ta cewa uffan, sai ta bari na fita ɗauraye kwano ta zuro ƙafa daga dogon gadon ƙarfen nan, ita da ta saba da tabarma. Ran Talata a siminti na tarar da ita, goshi a kumbure. Likita ya wanke ni tas gaban mutane, ya ce in ta sake faɗuwa ƙugu na iya karyewa, tafiya ta ƙare ke nan. Haushi ya sa na ce mata kunyar me, ni da nake da jikoki? Ta juya ta fuskanci bango, ko furar da na dama mata ba ta taɓa ba. Latifa autarmu, wadda take jingina da ita ba komai, tana jego a Illela. Wallahi na gaji, kuma tsoro nake ji.

'Yar fari, Konni

'Yata, gajiyarki da tsoronki duk a kan hanya suke. Sai dai faɗa ba zai cire mata abin da aka raine ta a kai ba. A wurinta wannan kunyar girma ce take ba ki, don haka ki fara ba ta haƙuri.

Ki gaya wa likita zancen jirin, wataƙila maganin na son gyara. Ki roƙa a sauko mata da katifa ƙasa, a ajiye fo na fitsari kusa. In za ta tashi, ta ɗan zauna tukuna kafin ta miƙe. In fita ta kama ki, ki bar ta a hannun mai jinyar gadon kusa, ita ba kunya tsakaninsu.

Kuma ki daina jiran ta kira ki, ba za ta kira ba. Da kin ga ta motsa, ki matso ki miƙa mata hannu kina kallon wani wuri. Za ta kama.

Allah ya ba ta lafiya, ta koma Bazaga da ƙafarta.