Na mai da Nuwamba Disamba

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, kwana huɗu ke nan na rasa inda zan sa kaina, ko abinci ba ya min daɗi.

Ni 'yar Haɗeja ce, a waya na koyi JavaScript, yaren kwamfuta da ake haɗa shafukan intanet da shi, lokacin bautar ƙasa. Abin da ya sa na so shi, duk wayar da ke buɗe intanet zai yi aiki a kanta. Shi ne na haɗa wa ƙungiyar manoman rani ta su Baba shafi, sakatare Malam Sale, aminin Baba, yana shigar da ranakun taro da na rabon iri, kowa ya duba daga ƙauyensu. Baba har majalisa yake nunawa, wai aikin 'yarsa ne.

Bana Malam Sale ya shigar da ranar rabon irin alkama, wata na sha ɗaya, shafi ya nuna Disamba. 'Yan gari sun ji a baki sun karɓa, na wajen Baturiya da suka dogara da waya sai bayan wata guda suka zo. Kun san alkama in sanyi ya wuce ta, ba ta yin kyau. Suka ce da gangan Malam Sale ya yi don ya fifita 'yan gari, ya yi ta rantsuwa, ba wanda ya yarda.

Da na duba, sai na ga laifina ne. JavaScript daga sifili yake ƙirga wata, to sha ɗaya Disamba ke nan. An ce cikin kwana goma aka haɗa yaren, a gurguje, aka kwaso wannan halin daga wani yaren, kuma aka bar shi haka don kar tsofaffin shafuka su lalace. An koya min, ni ce na manta ban rage ɗaya ba.

Na gaya wa yayana, ya ce in gyara in ja bakina in yi shiru, in na faɗa Baba ba zai iya ɗaga kai ba. Muka yi kaca-kaca. Jumma'a za a zauna a sauke Malam Sale. Jiya ya zo gidanmu ya ce min, "'Yata, ki ƙara koya min abin nan, da alama tsufa ya fara sa ni kuskure."

Na kasa haɗa ido da shi. Baba zan fara samu, ko in shiga taron in faɗa da bakina? Gobe Alhamis.